Tukunyar Giya Ta Tuba

Tasawa, daren Laraba.

Yau dai na fita kunya. Tukunyar kuran, mai aiki da lantarki, da na sayo a gwanjon Maradi ta yi kunun zaƙi!

Sati biyu ke nan matata Hadiza tana mani ba'a, tun da maƙwabcinmu Isuhu ya karanta takardar da ta zo da tukunyar ya ce ta dafa giyar Turawa ce. Ni da na gudu daga lakwal, makarantar boko, a aji huɗu, hoton hatsi kawai na gani a kwalin. Na ce masu ko mashayi yana tuba, balle tukunya.

Sau biyu tukunyar tana kunyata ni. Hujin kwandon cikinta ya yi wa geronmu faɗi, sai geron da na tsirar don kunun ya zurare ya toshe pompon da ke juya ruwan. Hadiza ta rantse in aka yi na uku, awaki za su riƙa shan ruwa a cikinta.

Da hantsi na kwance ragar tsohuwar rariya, na ɗinke ta cikin kwandon da waya. Na rage zafi don kada ta tafasa, na zauna ina roƙon Allah kada a ɗauke kuran. Pompo ya yi ta juyawa, ba muciya, ba hayaƙi, zaƙi ya fito ba sukari.

Hadiza ta kurɓi ludayi guda, ta ƙara. Ta ce, "Baban Rabi, geron ne mai kyau, ba wayonka ba."

Na ce, "To."

Bayan isha'i na tarar da ita tsugune gaban tukunyar. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Wanne ake dannawa ta tashi?"

Awaki sai haƙuri.