Likitan da Ban Taɓa Gani Ba

Litinin, 5 ga Mayu

Yau ma ko ƙusa ɗaya ba mu buga don kuɗi ba. Kowa ya koma kujerar roba, wai ta fi araha. Ta fi araha, i, har ranar da za ta baje da mutum a gaban surukansa.

Da na dawo gida Maman Auta ta ja ni kicin, ta kama buhun shinkafa da yatsa biyu ta ɗaga. Na ce na gani. Sannan ta ce, "Baban Auta, tukunya biyu ba za su ƙara fita daga buhun nan ba. Ko ta gida, ko ta shago."

Na ce ta shago ba ta tsayawa. Ta san dalili. Lokacin da nake koyon kafinta, maigidana a gabana yake cin abincinsa, ni ina goge katako ina haɗiyar yawu. Ranar da na buɗe shagona da zarto ɗaya da guduma na rantse ba wanda zai yi min aiki da yunwa. Tun ranar kullum da rana kular abinci tana zuwa daga gidana, mu zauna mu ci tare. Duk layin an san ni da wannan. In na daina, me ya rage? Allon da ke saman ƙofa?

Laraba, 7 ga Mayu

Na samo dabara. An rage kwano ɗaya a tukunyar shago, nawa ke nan.

Da aka buɗe kula na koma gefe ina wasa zarto. Dogo, wanda ke riƙe min injin yanka, ya ce, "Maigida, bismilla mana." Ban san lokacin da bakina ya ce likita ya hana ni ba. Mai, nama, farar shinkafa, duk ya hana. Baba mai fenti ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Allah ya sawwaƙe. Shi ke nan, ta wuce lafiya.

A gida dafaffen wake da gishiri, safe da yamma. Yana riƙe ciki.

Asabar, 10 ga Mayu

Na taka har kasuwar can nesa inda ba a san ni ba, na jira ta fara watsewa. A lokacin ne ake zubar da farashi. Karyayyiyar shinkafa, fasasshen tumatir, ganyen kabeji na waje da ake ɓarewa a yar. Na ce wa mai kayan miya na kaji ne.

Ta ƙulla min, ta jefa albasa biyu gyara, ta ce, "Kajin nan naka dai 'yan gayu ne, har da albasa suke ci."

Ban yi dariya ba. Na dawo ta bayan layi da leda a ƙarƙashin riga kamar wanda ya yi sata.

Talata, 13 ga Mayu

Wake. Ni da wake yanzu sai dai mu gaisa da suna.

Juma'a, 16 ga Mayu

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa har jikoki ta yi.

Dogo ya daina sa min sukari a shayi, shayin da shi kaɗai ke tsayar da ni zuwa la'asar. Baba mai fenti ya kawo min wani jiƙo a gora, ɗaci kamar a mutu, ya tsaya a kaina sai da na shanye. Wani maƙwabcinmu mai gyaran gado ya miƙo min soyayyen ƙwai a burodi, kafin in ɗaga hannu Dogo ya karɓe, wai "Maigida ba ya cin irin wannan." A gabana ya cinye. Har da lumshe ido.

Da yamma sai ga Yaya, ita ma labari ya kai mata. Ta zo da gasasshiyar kaza don yara. Ƙamshi ya cika ɗakin, na kai hannu kan fiffike ɗaya kawai, ta buge min hannu kamar ina ɗan shekara bakwai.

"Kai dai ba ka jin magana tun kana ƙarami. So kake ka bar mana marayu?"

Yaya tana da shagon hatsi. Buhuna har rufi. Kalma ɗaya zan faɗa gobe a sauke min biyu a ƙofar gida. Amma tun da na bar gida ban taɓa buɗe mata tafin hannuna ba, kuma ita ke gaya wa mutane ƙanenta da kansa ya gina kansa. Na raka ta bakin titi, na ce aiki alhamdulillahi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na ji Auta tana tambayar uwarta a kicin, murya ƙasa-ƙasa, wai ciwon Baba irin wanda ake mutuwa ne? Ashe kwana biyun nan gayan burodin da ake ƙulla mata na makaranta rabi take ci, rabi ta dawo da shi ta ajiye min a aljihun riga. Ni ina zaton Maman Auta ce.

Bayan yarinyar ta fita Maman Auta ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. "Na yi shiru da ka yi wa mutanen waje. Yanzu ƙaryarka ta fara cin 'yata. Ko ka gaya musu, ko ni in je in gaya musu."

Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce ai ita ma a ɗakin take kwana.

Alhamis, 22 ga Mayu

An kawo aikin tebur, na farko a watan nan, da katakon mai shi, mai tsada. Na ce ni zan yanka da kaina. Ina cikin turawa sai layin fensir ya zama biyu, shagon ya juya. Dogo ne ya daka tsalle ya kashe inji. Katakon ya tafi a karkace. Babban yatsana saura ƙiris.

Baba ya zaunar da ni kan benci, ya ba ni ruwa, ya daɗe yana goge burushinsa da tsumma. Can ya ce, "Wannan likitan naka, ɗana, ka ce masa gobe ya zo ya riƙe mana katako."

Na ce jiri ne kawai. Ya ce ai shi ma abin da ya ce ke nan.

Litinin, 26 ga Mayu

Na fita da niyyar gaya musu kula ta daina zuwa. Na shirya maganar tun a hanya. Na buɗe baki na ce Dogo ya share ƙurar katako.

Kula ba ta zo ba. Maman Auta ta cika alkawarinta, ta riga ni gaya musu. Rana ta take, ba wanda ya dubi ƙofa, kuma wannan ya fi min ciwo. Na shige can ciki ina lissafin ƙusoshin da ba sa bukatar lissafi.

Laraba, 28 ga Mayu

Da rana na ji hayaƙi a bayan shago. Na leƙa, sun haɗa murhu da guntayen katakona, ba wanda ya nemi izini. Dogo ya zo da taliya, Baba ya zo da mai a kwalba da ƙwai. Tukunyar ma na gane ta, ta kicin ɗina ce. Ban tambayi yadda ta zo ba.

Na ce wannan shago ne, ba gidan abinci ba. Baba ya ce ya haɗu da likitana a hanya, wai ya ɗage dokar. Dogo ya shaƙe da dariya har da tari. Suka zuba kwano uku, suka ajiye ɗaya kan bencina, suka juya min baya suna gardamar ƙwallo.

Ban ce zan ci ba. Kwanon dai ni na wanke shi.

Kuɗin tukunyar shago ya koma gida, Auta ta tafi makaranta da ƙwai yau. Na gaya mata na warke, ta ce in rantse.

Gishiri ya yi yawa, Dogo bai iya girki ba. Kuma ba albasa. Asabar in na je kasuwa zan karɓo wajen matar nan. Ba sai na ambaci kaji ba.