Darbejiyar Tsakar Gidanmu Za A Sare

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kewa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da jaririyarmu, Allah ya raya mana ita. Mu ma kalau muke, sai dai tarin Inna ya dawo, shi ya sa na ɗauki biro, tunda kin san ni da nauyin baki.

Yaya, layinmu ya zama abin ƙyama. Tun da maƙwabcinmu mai tayoyi ya sare bishiyoyinsa ya malale ƙofar gida da siminti, kowa ya bi sahu, wai ganye ƙazanta ne. Suka kuma buga baƙin kwano don gayu. Yanzu da rana ɗakunansu kamar tanda, sai kowa ya sa esi mai sanyaya ɗaki ya tayar da janareta. Na mai tayoyin kuwa saitin tagar Inna yake aman hayaƙi. Shanyarmu warin mai, ruwan randa warin mai, ko littafina na shafa sai yatsana ya yi baƙi. Darbejiyar da kika shuka a tsakar gida ce kaɗai ta rage, a ƙarƙashinta Inna ke shimfiɗa tabarma ta samu numfashi. To, Baba ya ce a sare ta a yi wa mota rumfa. Inna ta roƙa a bar mata inuwarta, ya ce mu kaɗai ne ƙauyawan layin, zai sa mata esi. Wato a ƙara mata wani janaretan.

Ga wata kunyar, kar ki yi mini dariya. Akwai wani dogon saurayi da ya riƙa tsayawa tsallaken titi yana kallon gidanmu, shiru, irin na cikin littattafaina. Har na raɗa masa suna a zuciyata, har na fara sa kwalli in zan zubar da shara. Jiya sai ga shi Baba ya shigo da shi. Ina laɓe bayan labule, saurayin ya wuce kai tsaye ya rungume darbejiyar da hannu biyu, ya ce za ta yi katako mai kyau. Ashe mai zarto ne, ita yake ta kallo. Ya tofar da yawu a gindinta, ya goge gumi da rigarsa. 

Ranar Asabar zai dawo da injinsa. Don Allah ki kira Baba kafin nan, ke kaɗai yake jin maganarki, amma kar ki ce ni na faɗa. Ki ce masa in kin kawo jaririya ganin gida, a wannan inuwar kike so ki shayar da ita.

Ki gaida maigidanki da Hajiya surukarki da Goggo. Inna na gaishe ki tsakanin tari da tari.

Ƙanwarki,
Autar Inna