Awon Kafaɗa

Utaibiyya, Makka
Farkon Safar, 1369

Zuwa ga iyalina Rabi'atu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai jego Ummulkhairi da ɗan baƙon da Allah ya ba mu. Yaya sanyin Madina? Yaya gwiwar nan taki? Na san halinki, kin tafi kula da jego amma ke ce mai buƙatar a gasa.

Ni lafiya lau, sai dai tun da kika tafi cikina bai ga alheri ba. Kullum wake da gurasa a shagon Bayamale. Ranar Juma'a na yi ƙarambanin tuƙa tuwo, har kyanwar gidan nan ta sansana ta juya. Kada ki yi dariya, ki dai yi ki gama ki dawo.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yaron nan, babban namu, an ɗauke shi cikin masu tsaron hanyar arewa, can gaba da ku wajen Tabuka, inda ake sintiri a kan raƙuma. Ba daga bakinsa na ji ba. Lurwanu baduku, maƙwabcina na kasuwa, shi ya yi mini barka yana zaton na sani. Ni kuwa na amsa kamar na sani.

Kashegari da safe na tarar da abu naɗe cikin buhu a kan uwar maƙera. Guntuwar bindiga ce irin ta mahaya, wadda na tabbata ta girme shi. Shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Ya gaya wa bango, da Larabcin nan nasa, cewa ƙawanyun maratayin sun karye, kuma an ce kowa ya gyara tasa kafin tashi. Ni ma na ce wa zugazugi to. Ya juya ya tafi. Kin san yadda muke da shi. Ɗan fari ne, ko a takarda hannuna ba ya iya rubuta sunansa.

Rabi, da kin ga abin da aka ba ɗanki ya tafi daji da shi, da kin yi kuka. Ƙawanyar gaba babu ita sam. Ta baya ta buɗe baki, wani ya ɗaure da igiyar kaba. Mutum yana kan raƙumi, raƙumi ya zabura, bindiga ta faɗi cikin rairayi, shi ke nan an bar shi hannu biyu.

Yanzu zaɓen ƙarfe nake yi. Lurwanu ya ce in sa tagulla, wai ta fi kyau kuma ba ta tsatsa. Na ce masa ba kayan amarya nake ƙerawa ba. Tagulla taushi gare ta, tana buɗewa a hankali ba ka sani ba, ga ta da walƙiya a rana, mai nufin mugunta ya hango ka tun daga nesa. Ƙusar ƙofa kuma ba ta da ƙwari. Na sami guntun sifirin na ƙafar wata matacciyar mota a unguwar Jarwal, shi zan gwada.

Ki gai da mai jego da mijinta. Ki shafa mini kan jikana.

Naki,
Dawuda Maƙeri

Utaibiyya, Makka
Tsakiyar Safar

Zuwa ga Rabi'atu,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ta hannun direba, tare da dabinon, na gode. Na ji daɗi da kika ce gwiwa ta yi sauƙi, ko da yake ban yarda ba.

Aiki ya kammala, kuma bari in yabi kaina tunda ba kya kusa balle ki hana ni. Ƙarfen sifirin taurin kai gare shi. In ka tsoma shi a ruwa da zafinsa sai ya bushe ya karye, haka na farko ya yi mini. Na biyu na bar shi ya huce cikin toka, na ja shi ya zama siririn sanda, na lanƙwasa, na haɗe bakin a wuta har ba a gane mahaɗin. Kowace ƙawanya na zaunar da ita cikin ɗan gida yadda za ta riƙa juyawa, don kada maratayi ya murɗe. Ta gaba na kama ta da ɗamarar ƙarfe da ta zagaye itace da bututu. Ta baya kuwa, itacen gindin ya tsufa, ramin ƙusa ya rarake, sai na cike shi da sabon itace na sake hudawa. Duka biyun a ƙarƙashin bindiga na sa su, inda na da suke. Daga ƙarshe na ƙona su da mai suka yi baƙi ƙirin. Na rataya buhun gawayi a jiki na girgiza, ko motsi.

Sauran tsawon maratayi. Lurwanu ya ce in kira mai bindiga a auna a jikinsa. Ni in tsai da shi a gabana ina taɓa shi? Sai na bari ya fita, na ɗauko rigarsa a kan igiyar shanya, na auna da taƙi daga kafaɗar dama zuwa ƙugu, na kai wa Lurwanu awon. Ya yanka fata mai kauri, ya naɗe ƙawanyun da 'yar fata don kada su yi ƙara. Ta hannunsa na aika da bindigar. Ya ce yaron ya jujjuya ta, ya ce tayyib, wato to da Larabci, bai ƙara ba.

Kin tambaye ni ko na zaunar da shi na yi masa magana. In ce masa me? Mahaifina har ya koma ga Allah a hanyar Sudan bai taɓa kama sunan wana Idris ba, kuma duk ayari an san Idris ne hasken idonsa. Ke kanki wancan kike ce wa yaron namu. Haka muka gada, kunya ce, ba ƙiyayya ba. Abin da zan faɗa na faɗa da guduma.

Amma ba zan ɓoye miki ba, gidan ya yi mini faɗi tun kafin ya tafi.

Ki gai da kowa.

Naki,
Dawuda

Utaibiyya, Makka
Ƙarshen Safar

Rabi,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi, shi ya sa ban jira amsarki ba.

Jiya Lurwanu ya shigo maƙera ya ce in ajiye guduma. Ya ce ya gamu da yaron yana dawowa daga filin horo, ya ga jini a rigarsa wajen haƙarƙarin hagu. Ya matsa masa, sai ya faɗa. Ashe ba ya iya rataya komai a kafaɗar dama. Ta goce tun wani aikin hajji da ya yi dako a Mina, ga ɗaukar tsofaffin alhazai a makari wajen ɗawafi da ya ƙarasa ta. A hagu yake ratayawa. To bindigar nan tana da ɗan hannu mai ƙulu a gefen dama, wanda ake ja a sa harsashi. Yadda na sa ƙawanyun, in an rataya a dama ƙulun waje yake kallo. In an rataya a hagu, cikin haƙarƙari yake shiga. Kullum raƙumi na tafiya, ƙarfe na cin naman ɗana, kuma ni na shirya masa haka da hannuna.

Ashe ke kin sani. Lurwanu ya ce ke kika riƙa aika Ummulkhairi da ruwan zafi tana gasa masa. Haba Rabi, gida ɗaya muke kwana.

Wannan ma da sauƙi. Lurwanu ya ce masa ya mayar mini in gyara, ya ƙi. Ya ce ma'alesh, wato ba komai, ba a mayar wa abuya, wato babansa, aiki. Ya ce mutumin da bai san kafaɗarsa ba, bai san sunansa ba, me zai sa a dame shi? Wai abokansa 'yan Makka iyayensu maza da sunan ɗan fari ake kiransu, suna amsawa da alfahari, shi kuwa tun da ya yi wayo bai taɓa jin nasa a bakina ba, sai kai, sai yaro. Wai in wa'adinsa ya cika zai nemi a bar shi can, tunda ba wanda zai lura babu shi.

Da farko fushi na yi. Na ce wannan ai rashin tarbiyya ne, an haifi yaro a bakin Ka'aba ya tashi bai san kunya ba. Lurwanu ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni wa ya taɓa gaya masa ma'anarta. Idris ya tashi cikin mutanen da kowa haka yake yi wa ɗan farinsa. Wannan kuwa ya tashi a unguwar da uba ke sumbatar ɗansa a tsakiyar kasuwa. Abin da nake yi don girman da yake da shi a wurina, shi ƙi yake gani.

Rabi, tsoro nake ji. Ba tsoron 'yan fashi ba, wannan yana hannun Allah. Tsorona ya tafi da wannan a ransa, ya zauna can, in mutu yana zaton ban so shi ba. Sati mai zuwa za su tashi. Na aika a ce masa ya zo da bindigar gobe, kuma ya zo da kansa.

Ki sa mu a addu'a a Rauda.

Naki,
Dawuda

Utaibiyya, Makka
Farkon Rabi'ul Awwal

Zuwa ga iyalina Rabi'atu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da tambayar lafiyarku duka, ina sanar da ke su yaron sun tashi yau da hantsi. Mai kawo miki wannan zai riga su isowa, domin motarsu tana tsaye-tsaye.

Ya zo kamar yadda na aika. Na ce ya tuɓe riga. Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba, sai da na maimaita. Rabi, rabona da ganin bayan yaron nan tun yana wasan ƙasa. Kafaɗar dama ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta, ga kanta ta yi tauri kamar tafin raƙumi. Ga kuma gyambon da aikina ya yi masa. Na ɗora masa bindigar a baya a kwance, gefen hagunta a jikinsa, ƙulun yana waje. Na ce ya sunkuya, ya miƙe, ya zauna a turmi kamar yana kan siridi, ina bi ina sa alama da gawayi. Da na dafa kafaɗar mai ciwon, sai na kasa ɗauke hannun. Na daɗe a haka. Bai motsa ba, amma na ji numfashinsa ya sauya.

Na cire ƙawanyun daga ƙarƙashi na mai da su gefe. Ta gaba sai da na sake sabuwar ɗamara mai kunne a hagu. Ta baya na yi mata faffaɗan gindi, na huda itacen ya ɓulle, na zura ƙusa na tanƙwashe bakinta, ba ta fita sai dai itacen ya tsage. Lurwanu ya sake maratayi mai faɗi, ya sa masa ulu a inda zai hau kafaɗa. Yaron da kansa ya yi mini zuga har muka gama, ban sa shi ba. Ya rataya, ya yi tsalle, ta kwanta lub a bayansa. Ya ce shukran ya abuya. Na buɗe baki in faɗi abin da na kwana ina shiryawa, sai na ji kaina ina cewa ya riƙa shafa wa ƙawanyun mai. Ya ce tayyib, ya fita. Na zauna ina jin haushin kaina.

Yau na bi su tashar mota a Jarwal. Na ce wa kaina gawayi zan saya. Jama'a cike, iyaye suna rungumar 'ya'yansu, ni ina rakuɓe bayan wani mai shayi. Yaron ya hau bayan mota ya zauna ya ba gari baya, bai ko duba ba, don bai sa ran kowa ba. Direba ya ta da inji. Motar ta fara motsi.

Rabi, na kira shi. Da ƙarfi, a gaban mutane, har mai shayi ya firgita. Na ce Mukhtaru.

Bai dube ni ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman mai kiransa cikin abokansa. Ya ji sunan sarai, muryar ce bai taɓa jin ta ɗauke da shi ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na bi motar da gudu, da tsufana, takalmi ɗaya ya fita, na sake kira. Sai ya gan ni. Ya miƙe tsaye cikin mota tana tafiya, abokansa suna riƙe masa riga kada ya faɗo. Yana ta ɗaga hannu yana ihu, rabi Larabci rabi Hausa, inji ya cinye yawanci. Abin da na tsinta shi ne in ajiye masa wurinsa a gindin zugazugi, zai dawo.

Na dawo gida da takalmi ɗaya, ban sayi gawayin ba. Ina jin kunya har yanzu kamar na fita ba wando, kuma wallahi ban yi nadama ba.

Za su kwana a Madina, zai zo ya gaishe ku. Ki duba masa gyambon, ki sa magani da hannunki, kada ki aiki kowa. Maganar kiran sunansa kuma ba zan tilasta miki ba. Amma na gwada, harshe ba ya faɗuwa.

Ki gai da Ummulkhairi da mijinta da jikana. Allah ya dawo mini da ke lafiya, ya dawo mana da shi.

Naki har kullum,
Dawuda, mahaifin Mukhtaru