Sitiyarin Baba da Katin Yaya

Ana sanar da masu karatu, cikin girmamawa, cewa wannan fili da ya saba raba gardamar gado da rikicin surukai, yau zai zauna shari'ar wani sitiyari wanda ba a haɗe yake da kowace mota ba. A gyara zama.

Kawu, don Allah ka cece ni, Yayana ya daina ɗaga wayata, kuma ban san ko ni ce da laifi ba.

Babanmu direban tirela ne tun kafin a haife ni. Bara ciwo ya taɓa masa ƙafar hagu, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Tun daga nan Baba ya zama kamar kujerar falo. Ba hira, ba faɗa, ko rediyo ba ya kunnawa. Motsa ƙafar da aka ce ya riƙa yi kuwa, cewa ya yi ƙafar da ba za ta taka kulochi ba, wahalar me za ta yi.

Wata rana ina kallon wani bidiyo a waya, na wasan kwamfuta da ake tuƙa tirela, sai na ji numfashi a bayana. Baba ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan direban bai iya kwana ba, zai kashe mutane. Kawu, rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka har na manta. A ranar na kira 'yan'uwana muka yi karo-karo don a haɗa masa kwamfutar wasa. Yaya, da yake aiki a nesa, shi ya ba da rabin kuɗin, ya kuma ce a sayi sabon katin hoto mai ƙarfi, wato abin da ke zana hoton wasan, da akwatin kwamfuta mai gefen gilashi da fitilu masu canza launi. Ni aka wakilta saye, tunda ni ce a gida.

Da na je shago mai kayan ya jera mini farashi, sai na ga katin Yaya kaɗai zai cinye fiye da rabin abin da muka tara. Sauran da ƙyar zai kawo firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da sauran kayan ciki, Baba kuma ya tuƙa tirela da maɓallan rubutu kamar akawu. Na tsaya ina kallon katin nan, ina tuna hannun Baba. Na ce a'a. Na ɗauki kati na hannu, wanda aka taɓa amfani da shi, mai matsakaicin ƙarfi, na sa aka gwada shi a gabana har fankarsa ta yi zafi bai ɗauke ba. Na ɗauki baƙin akwati marar ko fitila ɗaya. Firosesa mai kyau, ma'ajiya mai sauri, sabuwar tukunyar wuta, wato abin da ke raba wa kayan ciki lantarki. Allo kuma talabijin ɗin falo. Abin da ya rage kakaf na zuba a sitiyari mai nauyi da ke girgiza a hannu, da sandar giya, da matakai uku: totur, birki, kulochi. Akwai mai matakai biyu da ya fi araha, na ƙi.

Ni na haɗa kwamfutar da hannuna a kan teburin ɗinkina, ina bin bidiyo. Na danna, shiru. Ashe wayar maɓallin kunnawa ban soka ba. Da ta tashi na yi ihun da Umma ta fito da ludayi a hannu.

Yanzu Baba sai ya sa hula yake zama. Ya yi bisimilla, ya duba madubai, ya ce Umma ta zuba masa shayi a fulas. Idan an kira salla ba ya tsayar da wasan kawai, sai ya nemi gefen hanya ya faka, wai ba a barin babbar mota a tsakiyar titi. Ranar da wasan ya ci shi tarar gudu, wuni ya yi yana ƙorafin an ɓata masa suna. Kuma, Kawu, da ƙafar hagun yake taka kulochi. Da farko yana cije baki, yanzu ko kallonta ba ya yi.

Na tura wa Yaya hoton kwamfutar cike da murna. Ya ce na ci amanar kuɗinsa, na sayo akwatin gawa da katin da wani ya gaji da shi, in mayar da kayan wasan yaran nan in karɓo abin da ya ce. Mai shago ya yarda a canza kafin ƙarshen wata. Yaya babba ne, kuɗinsa ne ya fi yawa, ban kuma sanar da shi kafin in canza ba, na sani. To amma ta yaya zan cire sitiyarin nan daga hannun Baba?

Ɗiyar Direba

'Yata,

Kada ki cire. Wannan hukuncin na farko ke nan, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin abin, don ni ilimina na kwamfuta ya tsaya ne a neman inda rubutuna ya ɓace. Sun ce tambayar farko ga mai haɗa irin wannan na'ura da ƙayyadadden kuɗi ita ce: wa zai zauna gabanta, kuma me zai buga? Yayanki ya amsa tambayar kamar shi ne zai zauna, kuma ina zargin yana da wasu wasanninsa na harbe-harbe da ya tanadar wa hutu. Ke kin amsa ta da tsoho a ranki. Wasan tirela ba ya buƙatar katin da ya fi kowane tsada. Kin rage a inda ake iya ragewa, kin ƙi ragewa a tukunyar wuta, wadda idan ta yi gardama takan tafi da maƙwabtanta. Fitilu kuwa, na karanta littattafai da yawa, ban ga inda shuɗin haske ya ƙara wa mota gudu ba. Kati ana cire shi a sa wani duk ranar da kuɗi ya samu. Abin da kika dawo da shi falonku babu shagon da ke sayar da shi.

Sai dai Yayanki ba mugu ba ne. Mutumin da ke nesa ba shi da hanyar kula da mahaifinsa sai kuɗi, shi ya sa yake son kuɗin ya yi ƙyalli. Kin canza shawara ba ki faɗa masa ba, sannan kika tura masa hoton baƙin akwati. Me kike so ya gani a ciki? Ki ba shi haƙuri a kan rashin sanarwa, a kan wannan kawai, ba tare da "amma" ba. Sannan ki ɗauki bidiyo. Kada ki ɗauki allon. Ki ɗauki ƙafar hagun Baba a kan kulochi, ki bar muryarsa ta fito yana yi wa wata ƙaramar mota faɗa. Ki tura ba tare da kalma ɗaya ba. Idan bayan haka har yanzu yana son katinsa, ƙofa a buɗe take: ya saya ya kawo da kansa, ke ki sa masa, tunda yanzu ke ce injiniyar gidan.

Ki kuma gaya wa likita abin da ƙafar ke yi, ya faɗi iyakar zaman da ya dace. Direba ma yana sauka ya miƙe.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya shirya tsakaninki da Yayanki, ya kare tirelar daga tara.

Da na fara karanta wasiƙarki, na ce wa uwargida ga wasu sun tara kuɗi sun saya wa dattijo abin wasa. Ta karɓa ta karanta har ƙarshe, ta miƙo mini, ni ma na ƙarasa karantawa. Na yi kuskure.

Kawunku