Gurbi Goma a Teburin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya marasa lafiyarku?

Saura sati uku jarrabawar Turancin nan, wadda in na ci kamfanin jiragen ruwa zai ɗauke ni makaniki. Baba ya ce shekara talatin yana koyarwa, ɗansa ba zai faɗi ba. Kullum da la'asar muna teburin falo. Jiya a tambayoyin cike gurbin jadawali na rubuta kalma uku inda aka ce biyu. Da kan bel ya zuba min, wajen ƙarfen. Leɓena ya fashe, jini ya ɓata takardar, ya ce in goge in ci gaba. Ni da gemuna, Yaya! Umma tana kicin tana buga tukwane don kada ta ji.

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Ka wanke leɓen da ruwan gishiri.

Ga yadda na ci tawa. Fara karanta umarni, ka ja layi ƙarƙashin adadin kalmomi. Duba kanun jadawalin kafin ka taɓa nassin. Kowane gurbi, tambayi kanka: suna ake nema, lamba ko siffa? Sannan ka nemo wurin a nassi, ka kwafo kalmar yadda take, kada ka yi mata gyara.

Wani abu kuma. Kunnena na hagu da ba ya ji, ba zazzaɓi ba ne kamar yadda aka gaya maka. A teburin nan ne. Ka tattara littattafanka ka koma garejin da kake aiki, don Allah.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ji maganarki ba, ga shi na yi abin da ba ya gyaruwa.

Na bi hanyarki, na ci tara cikin goma. Na ɗauka Baba zai yi murmushi. Sai ya dangwala yatsa kan ɗayan, harafi guda na bari. Ya ce, "Jaki!" Ya watsa min shayi mai zafi a wuya, ya ɗaga kujera. Na tuna kunnenki. Na cafke hannunsa na murɗe har na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya faɗa kan teburin, gilashin saman teburin ya tarwatse, goshinsa ya tsage. Umma ta fito tana salati.

Ni na goya shi zuwa asibiti. Ashe ba shi da nauyi, Yaya. Ya ce wa likita santsi ne ya kwashe shi. Yanzu a gareji nake kwana.

Ki yi min addu'a.
Ƙanenki.

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Ummarka ke rubutawa, ni ina faɗa mata.

Jarrabawar ranar Asabar ce, ƙarfe takwas. Tafi da fensir biyu. Kada ka bar gurbi ko ɗaya babu amsa.

Mahaifinka.

A nan ya ce in dakata, akwai saura. Na riƙe biro na daɗe. Can ya juya fuska bango, ya ce in rufe wasiƙar. Allah ya ba ka sa'a.

Umma.