Makin Da Zan Ba Marigayi Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin ya fi ƙarfina, kuma ba kowa zan iya faɗa wa ba, kar a ce na fara taɓuwa.

Kamfaninmu yana haɗa wa asibitoci mataimakiyar AI, wato na'urar da ke amsa wa marasa lafiya, ta ba su ranar ganin likita ko ta ɗage musu. Duk kayan aikin da za ta taɓa sai an rubuta mata bayaninsa: ga abin da yake yi, ga lokacin ɗaukarsa, ga inda ake tuntuɓe. Aikina shi ne in ba ta bayanin, in jefa mata aiki, in zuba ido in ga ko za ta ɓata, sannan in ba bayanin maki. Wanda ya faɗi, share shi ake yi a rubuta sabo.

To, yayana ne ya rubuta yawancinsu. Shi ya koya mini aikin, shi ya kawo ni wurin. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Kujerarsa tana nan bakin taga, ba wanda ya yarda ya zauna, sai kwalaye aka jibga mata.

Yanzu shugabarmu ta miƙo mini nasa in duba. Ita na'urar kafin ta yi abu takan rubuta tunaninta a gefe. Ina buɗewa na ga ta rubuta wai kada a yi gaggawa, mai ciwo ba ya son a yi ta maimaita masa tambaya, in ba a tabbata ba a tsaya a tambayi mai abu. Maganar Yaya ce sak! Har waiwayawa na yi wajen tagar. Tun daga ranar nake ƙirƙiro mata ayyuka ba gaira ba dalili, don dai in ji shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Bayan rasuwarsa an canza kayan ɗage rana. Da can tsohuwar ranar tana nan a riƙe har a sami sabuwa, yanzu kuwa ana taɓawa ta tafi. Bayanin Yaya har yau cewa yake ranar ba ta ɓacewa, na'urar kuma ta hau ta zauna. A gwaji ta sha raba mutum da ranarsa, sannan ta ce masa ya kwantar da hankali, da lallashin nan irin na Yaya. Wata mai kamawa za a sake ta ga marasa lafiya na gaske.

In na ba shi makin gaskiya za a share duka, wani ya rubuta busasshen abu. Ji nake kamar da hannuna zan sake binne shi. Mutumin nan fa bayanina na farko biyu cikin goma ya ba shi yana dariya, har na yi fushi na daina gaishe shi. Yanzu ko wannan dariyar nema nake. Ko Mama ban faɗa wa ba. Ya zan yi?

Ƙanwar mai kujerar taga

Ɗiyata,

Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ku haƙuri. Ba taɓuwa kika yi ba, kewa ce, kuma ban ga laifinki ba. Amma ba yayanki ne a cikin na'urar ba. Abin da ya rubuta take maimaitawa, na daidai da wanda zamani ya wuce, ba ta bambancewa.

Gobe ki sami shugabarku ki faɗa mata batun ɗage ranar, kada ki jira sai kin gama rahoto. Ki gaya mata abin yana miki nauyi, a haɗa ki da wani ku duba tare. Ki nemi izini ki kwafe rubutunsa ki adana, ki kuma roƙa a bar miki rubuta sabon. Maganarsa ta a tsaya a tambayi mai abu ba ta tsufa ba, ki mayar da ita ciki. Ƙirƙiro ayyukan nan kuwa ki bari, fama ciwo ne kawai. In kewa ta taso ki je wurin Mama ku yi hirarsa, ita ma tana da nata.

Ki tuna da tsohuwar da za ta sha hanya ta iso asibiti a ce babu sunanta, alhali da kalaman yayanki aka kwantar mata da hankali. Ba kuskure ya yi ba, bayansa aka canza abu, kuma ba shi da bakin gyarawa. Wanda ya iya ba ƙanwarsa biyu cikin goma ba zai gode miki ba in kika ba shi tara don tausayi.

Ki ba shi makinsa, sannan ki gyara masa. Allah ya dafa miki, ya kai haske kabarinsa.