Kujerar Komowa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka ga wasiƙa maimakon waya, tun da iska ta kayar da ƙarfen sabis tsibirin nan ya koma kurma.

Jikin Inna ya ƙi. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi sai ta jingina da bango. Malamin asibitinmu ya ce sai babban asibiti a wajenku. Zama ba zai yiwu mata ba, tafiyar ta yi nisa, don haka matuƙin ƙaramin jirgin saman nan ya yarda zai cire kujeru uku a kwantar da ita, amma sai zuwansa na ƙarshe kafin lokacin iska. In ya wuce, babu jirgi sai iskar ta kwanta. Tsoro nake ji, Yaya. Ka nema mata gado kawai.

Ƙanwarka.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarki a tsaye a ofis, na kasa zama. Gado ya samu. Amma ina babba a ce ƙanwata ce za ta ɗauko Inna ina nan ina kaɗa ƙafa? Rabona da ita tun kafin a haifi babbar 'yata, kunya ta ishe ni. Na yanki tikitin zuwa da komowa a jirgin ƙarshen. Kada ki gaya mata, so nake ta gan ni kwatsam.

Ki gaishe ta. Yayanki.

Yaya,

A bakin filin jirgi nake rubutu, jirgin bai ko kashe inji ba. Don Allah kada ka zo! Ka manta nan ba a shan mai? Da man komowa yake tahowa, shi ya sa ake auna kowa a sikeli har da jakarsa. Masu ofishin birni ba su san maganar Inna ba, cikin kujerunta uku suka sayar maka ɗaya. Ka mayar da tikitin nan. Matuƙi zan ba wannan hannu da hannu.

Auta.

Maman yara,

Ina gaisuwa. Auta ce za ta ba ki wannan in kin zo tarbarmu, ki ɗauke su a mota, asibiti kai tsaye.

Ni ban taho ba. A hanyar zuwa tsibirin, muna tsakiyar teku, matuƙi ya tuna da wata takardar Auta a aljihunsa, ya miƙo mini. Ko ni ko Inna, don haka na bar kujerar. Ki je ofishinmu ki yi musu bayani, in sun kore ni shi ke nan.

Da za a shigar da ita na kama gefen shimfiɗar. Ta riƙe hannuna, ta ɗauka ma'aikacin jirgi ne. Ta ce, "Bawan Allah, in mun sauka ka nemo mini ɗana, ka ce masa na zo."

Na ce to.

Mijinki.